Reshen Tsamiya a Bakin Inji

Zuwa ga Yaya Mamman a Kumasi,

Gaisuwa mai yawa. Ina lahiyarka, ina Hajo da yara, ya ruwan Kurmi? Nan gida kowa lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Bayan haka, na sawo injin nan da tarakta ke juyawa, a tura mishi icce ya tauno shi gutsi-gutsi don shimfiɗa a lambu. Har daga Kore Mairuwa ana zuwa kallo.

Ran Alhamis Sani direba, da yake baƙo ne, ya ga reshe ya faɗi ƙarƙashin tsamiyar aljana Doguwa ta bayan gonarmu, ya jawo ya tura. Inji ya yi ƙara, wuƙarshi ta karye, guntun ya wuce ta gefen kunnen Sani.

Baba Gado mai kula da tsamiyar ya zo da mutane riƙe da sanduna. Ya ce, "Ɗan lakkwal, boko ya ruɗe ka, ka niƙe ma Doguwa hannu. Baƙar akuya kahin Juma'a mai zuwa, ko mu sa ma dodon injinka wuta."

Na duba reshen a ɓoye. Tsohuwar wuƙar yanka ce ta kakanninsu a ciki, icce ya haɗiye ta, ita ta karya ta inji. Na jefa ta aljihu, don in na nuna, cewa za su yi da ita Doguwa ta kai sara.

Akuya na samu, amma akwai farin gashi a wutsiyarta, kuma gobe tsohon zai zo duba ta.

Ka nemo min wuƙar inji can Kumasi. Ka sa mu a addu'a, ka gaida Hajo. Ni na nufi marina neman shuni.

Ƙanenka,
Ali