Ni Na Kife Daron Ƙudan Zuma

Anti mai filin shawara,

Don Allah ki taimake ni kafin kaina ya fashe. Ranar Talata, huɗu ga wannan wata, da ƙarfe bakwai da minti ashirin na safe, ƙudan zuma sun harbi wata dattijuwa da muke kira Goggo Mai Wanki a bakin famfon unguwarmu. Harbi uku ne, biyu a hannun dama, ɗaya a wuya. Na faɗi adadin ne saboda kafin rana ta take labari ya koma harbi talatin, da yamma kuma an ce ranga-ranga aka ɗauke ta. Ba a ɗauke ta ba, da ƙafarta ta je kemis. Amma hannun ya kumbura sosai, ta yi kwana biyar ba ta iya matse zani ba, kuma wankin nan shi ne abincinta.

Mahaifina yana da amyar zuma biyu a bayan gida, tsakanin bishiyar lemo da katanga. Shekara tara ke nan, tun da ya yi ritaya, kuma ba a taɓa kawo ƙara ba. Da safe su yake fara gaisarwa kafin ya amsa tamu gaisuwar. Shi ne kuma shugaban kwamitin unguwa, ga zaɓe yana tafe ranar Asabar, ashirin da tara ga wata. Abokin takararsa wani ne da ake ce wa Mai Lasifika, domin ko sannu zai yi maka sai layi uku sun ji.

Tun ranar Talatar nan mutumin ya samu abin yi. Ya laƙaba wa Baba suna Shugaban Ƙudaje. Yana bin ƙofa ƙofa yana cewa wanda ya kasa tsawata wa ƙwarin gidansa ina zai iya da unguwa. Shi da bai taɓa tsayawa ya gaida Goggo ba, yanzu shi ke ɗaukar mata bokiti, amma sai in akwai masu kallo. Baba kuwa ya kafe cewa ƙudan ba nasa ba ne. Wai nasa masu tarbiyya ne, waɗancan 'yan iskan daga kogon bishiyar bayan tsohuwar makaranta suke fitowa. Ya faɗi haka a gaban mutum ashirin da shida, ni na ƙirga, domin ni ce sakatariyar kwamitin.

Wata bakwai ke nan da na gama jami'a, na karanta lafiyar al'umma, aiki bai samu ba tukuna. A unguwarmu duk wanda ya yi digiri an ɗauka ya san komai, daga cika fom har duba kumburin ƙafa. Sai aka ce in bincika in kawo rahoto ranar zaɓe. Idan ƙudan namu ne, a fitar da amyoyin daga unguwa cikin mako guda. Baba ba shi da gona, ba shi da inda zai kai su. Babu wanda ya tambaya ko ya dace 'ya ta binciki ubanta. Mai Lasifika ma shi ya fara ɗaga hannu, yana murmushi.

Ni kuma da shegen son tabbatarwa, na yi binciken da gaske. Jiya Alhamis, ƙarfe shida da rabi na safe, na daka shuɗin alli na barbaɗa wa ƙudan da ke shan ruwa a gindin famfo. Na barbaɗa wa sha biyar, na ruga gida na tsuguna a gefen amya. Cikin minti goma sha biyu, tara sun shigo da shuɗin baya. Anti, namu ne.

Wannan bai kai na biyun ciwo ba. Ina tsugune sai idona ya faɗa kan wani tsohon daro a kife jikin katanga. Daron nan shekara da shekaru yana gindin lemo da ruwa kore a ciki da 'yan tsakuwoyi. Kwana goma sha ɗaya kafin a harbi Goggo, na ga tsutsar sauro a ciki, na zubar da ruwan, na wanke shi tas, na kife. Har na yi wa ƙannena lacca a kan ruwan da ke kwance. Ban san mashayar ƙudan ba ce. Baba yana fama da gwiwa, sai ya cika daron ya manta da shi, kuma hankalinsa ya tafi kan zaɓe, har yau bai lura ba. Ga zafin da ake yi. Ina za su je in ba famfo ba?

Famfon nan kuma wata biyar yana ɗiga. Na duba littafin taro, sau huɗu aka kawo maganar gyaransa, sau huɗu aka ɗage. Wanda aka ɗora wa gyaran shi ne Mai Lasifika. Wanda ya kamata ya matsa masa shi ne Baba. Wallahi dukansu sun ishe ni.

Idan na faɗi gaskiya, Baba ya rasa amyoyinsa kuma ya zama maƙaryaci a idon unguwa, ta bakin 'yarsa. Idan na yi shiru, gobe ƙaramin yaro ne zai je ɗiban ruwa. Ga abin da har yanzu ban sani ba:

Ina sauran ƙudan shida suka tafi.
Ko za su bar famfo idan na mayar da daron.
Ko Baba ya yarda da maganar kogon bishiyar nan, ko dai ya sani.
Ko zai sake kallona kamar da.

Taki,
Mai Shuɗin Alli

*

'Yata Mai Shuɗin Alli,

Ki ajiye agogo da littafin ƙirga tukuna, ki ɗauki bokiti. Yau ɗin nan, kafin komai, ki mayar da daron inda yake, ki zuba tsakuwa yadda ƙudan za su samu wurin tsayawa, ki cika shi. Ki riƙa sauya ruwan bayan kwana biyu ko uku, sauro ba zai samu zama ba. Karatunki bai yi ƙarya ba, kin dai gyara abin da ba ki tambayi mai shi ba. A daure bakin famfon ko da roba ne, a share ruwan gindinsa. Ƙudan da suka saba da wuri ba sa barinsa rana ɗaya, amma kina da mako biyu.

Sai ki shiga wurin Baba, ke da shi kawai. Kada ki fara da ƙudansa, ki fara da daronki. Dattijon da ya kafe a gaban jama'a yana bukatar ƙofar da zai fita da mutuncinsa, kuma laifinki shi ne ƙofar. Bai yi ƙarya ba idan bai sani ba. Idan kuma ya sani, gara ya ji daga bakinki a ɗaki da ya ji a taro. Zai yi fushi, ƙila ya kwana biyu ba ya amsa gaisuwarki da kyau. Zai wuce.

Amma kada son uba ya rufe miki ido. Mai Lasifika yana siyasa da hannun Goggo, wannan gaskiya ne, sai dai hannun ya kumbura da gaske. Akwai mutanen da harbi ɗaya kan toshe musu numfashi, ke kin fi ni sani. Maƙwabta suna da haƙƙin ɗiban ruwa ba da fargaba ba. Ku je gidan Goggo ke da Baba, ba ranar zaɓe ba, ba a gaban kowa ba. Ku ba ta haƙuri, ku tambaye ta abin da kwana biyar ɗin nan suka jawo mata.

Rahoto kuwa, ki rubuta shi yadda yake: allin, taran da suka dawo, daron, da ɗagewa huɗun nan, ba tare da kin ja layi a ƙarƙashin sunan kowa ba. Ki nemi wasu mutum biyu da ba danginku ba su maimaita gwajin allin ana gobe taro. Idan famfo ya bushe, ƙudan sun koma gida, ki roƙi a ba amyoyin wata guda na gwaji. Idan ba su koma ba, to amyoyin su tashi, ki taya Baba neman mai lambu a bayan gari da zai karɓe su. Kujerar shugaba ba taki ba ce, ki bar wa masu ƙuri'a.

Ƙudan nan shida kuma, ki ƙyale su, ba kowane abu ake ganowa ba. Tambayarki ta ƙarshe ce kaɗai zan iya amsawa. Mutumin da ya shekara tara yana tashi da safe don duba lafiyar ƙwari ba zai yar da 'yarsa a kan daro ba.

Allah Ya ba Goggo lafiya, Ya sanyaya zuciyar Baba, ke kuma Ya kawo aiki mai albarka. Tashi ki cika daron nan.

Antinki