Akuyar da Baba Ya Ɓoye a Falo

Malama Saudatu, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle.

Mahaifina Wiebe ya haura tamanin. Shi kaɗai yake zaune a ƙauyenmu na lardin Firislan tun da mahaifiyata ta rasu bara. Abin da ta bar masa mai numfashi tsohuwar akuya ce guda, sunanta Saartje. Ba nono, ba haihuwa, haƙoranta ma sun zube. Da ita yake hira kullum da safe, yana ba ta ɓawon burodi yana ce mata gimbiya.

To sai wata cuta ta ɓulla a garken awakin yankinmu, wadda aka ce tana kama mutane, musamman masu ciki. Hukuma ta ce a kashe duk akuyar da ke yankin, mai ciwo da mai lafiya. Baba ya taɓa jin cewa ma'aikata ba sa shiga ɗakin mutum sai da izini a rubuce, sai ya janyo Saartje ya kai ta falo, ya shimfiɗa mata bargon Mama, ya ja labule.

Kin san mu, ba a rufe labulen falo da rana sai an yi rasuwa. Maƙwabciyarsa Tjitske ta gani, ta ɗauka Baba ne ya cika, ta sa baƙaƙen kaya ta zo tana hawaye. Sai ga shi ya buɗe mata ƙofa da ransa, akuya kuma ta yi kuka a bayansa. Tjitske kuwa an kashe wa ɗanta garkensa kaf, tana tsaye aka kwashe su a mota. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Tsohon banza, na zo kukanka, ashe kai ne za ka sa mu kuka." Ta ce ba za ta kai ƙara ba, amma mu tuna surukarta na da ciki, kuma shinge ɗaya ne tsakanin gidansu da na Baba.

Na roƙi Baba har na gaji. Ya ce min, "'Yata, duk abin da gwamnati ta ce tun ina yaro na bi. Amma iyakarta bakin ƙofata." In na faɗa wa hukuma, na raba shi da abin da ya rage masa na Mama. In na yi shiru wani abu ya sami jaririn nan, ina zan sa kaina? Ni ko abinci ba na iya ci.

Wadda ta rasa mafita

*

'Yar'uwata, na karanta wasiƙarki zuciyata ta yi nauyi. Allah ya ji ƙan mahaifiyarki.

Baba yana da gaskiyarsa. Ɗakin mutum yana da alfarma, kuma hukuma ba ta da hurumin raba shi da abinsa ba tare da ta faɗi dalili ba, ba tare da ta ba shi damar kai kuka gaban alƙali ba. Sai dai ƙofar da yake tsarewa ma'aikaci kawai take hana shiga, ba ta hana cuta fita. Tun a makarantar allo aka koya mana cewa haƙƙin maƙwabci abu ne mai nauyi, kuma ikonka a kan abinka yana tsayawa inda zai cutar da wani. Don irin wannan wurin aka ba hukuma ƙarfi.

Saboda haka kada ki kai ƙararsa a ɓoye, zai yi wuya ya yafe miki. Kada kuma ki yi shiru. Ki zauna da shi yau ki gaya masa za ku fito fili, ku nemi haƙƙinsa ta hanyarsa. Ku kira likitan dabbobi ya gwada Saartje, ku sami lauya ya roƙi alƙali ya dakatar da umarnin kafin sakamako ya fito. Kafin nan, mai cikin ta nisanci gidan, ita ma ta ga likita.

Ba zan yaudare ki ba, mai yiwuwa alƙali ya ƙi. Idan haka ta faru, ku roƙa a yi abin a gida, a hankali, kanta a kan cinyar Baba, a kan bargon nan. Wannan ma haƙƙi ne da ya kamata a nema masa, ita ma dabbar tana da nata.

Sannan ki je ki gode wa Tjitske. Matar da ɗanta ya rasa garke guda amma ta rufa muku asiri, bai kamata a bar ta da wannan nauyin ba. Ki roƙe ta ta riƙa leƙa Baba, don ina ganin ba akuyar kaɗai yake tsoron rasawa ba, shirun gidan yake tsoro.

Gobe da safe ki je ki buɗe labulen nan da hannunki, kowa ya ga Baba yana raye. Allah ya sanyaya masa zuciya, ya sauki mai ciki lafiya, ya ba ki ƙarfin hali.

Malama Saudatu