Ƙullin Gabun da Na Bari a Tashar Bodinga

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Inna, wata huɗu ke nan da zuwana ƙasar nan karatun jinya, wata guda da rasuwarki. Garin ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin duwatsu. A Lambara muna kallon rana har ta faɗi bayan gonar albasarmu. Nan tun la'asar dutse ke haɗiye ta. Shanunsu ƙararrawa ake rataya musu a wuya. Gaisuwa kalma ɗaya ce, ba mai tambayar gajiya. Zuwa shago hawa ne, dawowa ma sai in rantse hawa ne.

Duk wannan na ba ki labari a waya, kika yi ta dariya. Abu ɗaya na ɓoye miki.

Kin tuna gabun da kika yi mini? Kwana da kwanaki kina daka ganyen albasa da hannunki mai ciwo, kina shanyawa. Kika ƙulle a tsumma kika ce, "Ni da kaina nid daka shi, ɗiyata. Can ba su da irinai." Na durƙusa na nemi gafara kamar kowane matafiyi, kika ce kin yafe mini duniya da lahira.

A tashar Bodinga na ji warinsa ya kama sabon mayafina. Kunya ta rufe ni, wai kada Turawa su toshe hanci. Na tura ƙullin ƙarƙashin benci, na shige mota.

Sau uku kina tambayata, sau uku ina ce miki miyata ta yi daɗi. Ashe har kin soma yi mini wani. Yaya Umaru ya ce a shanye suka tarar da shi kan rufin ɗakinki.

Jiya tsohuwar da nake zaune a gidanta ta rataye albasarta a bakin ƙofa, tana nuna mini da alfahari. Gidan duka ya ɗauki warin, ba wanda ya toshe hanci. Na zauna kan matakala na yi kuka.

Abin da ke cin raina, Inna, yafiyarki ta ranar tafiya ce. Ƙaryar daga baya na yi ta, kuma ba ki san da ita ba balle ki yafe.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ni kuma Ya gafarta mini abin da ban ba ki damar yafewa ba.

Autarki,
Hafsi