Ka Cire Muryar Baba Ɗanlami Daga Bakin 'Yan Caca

Zuwa ga taubashina Nazifi, a duk inda wannan ta same ka cikin birnin Legas.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta zumunci, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da sabon aikinka da sababbin abokanka. Mutanen gida duk lafiya lau. Gwaggo tana gaishe ka kamar kullum, ko da yake ba ta san ina rubuta wa ɗanta wannan ba, kuma da ta sani da ta hana ni.

Na san za ka ce me ya kai ni baje maganarmu a shafin da kowa ke karantawa. To, na kira ka har na gaji, na tura saƙo ina ganin alamar ka buɗe, ka yi gum. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kuma waɗanda ke leƙen wannan wasiƙa su ne suka sa wasanmu a wayoyinsu, suna da haƙƙin su ji yadda aka yi.

Ka tuna shagonmu na Kwanar Dangora, bayan tasha, tsakanin mai faci da mai shayi? Kwamfuta ɗaya gare mu, fankarta tana kuka kamar injin niƙa, kai kana rubuta manhaja, ni ina zane. Kai ne ka ce wayoyin mutanenmu sun cika da wasannin tseren mota da na harbe-harbe, me zai hana darar kakanninmu ita ma ta shiga aljihu. Muka sa wa wasan suna Gindin Tsamiya. Ran da ya fara buɗewa a wayarka ka yi ihun da ya sa mai faci ya leƙo da guduma a hannu, ya zaci gobara ce.

Amma ba wanda ya kula shi da farko. Nan ma kai ne ka gano cutar, ka ce dara ba baki ai ba dara ba ce. Muka hau babur muka tafi Kiru wurin Baba Ɗanlami, tsohon manomin nan da ba a taɓa jin an cinye shi ba a gindin tsamiyar kusa da masallaci. Muka wuni muna naɗar muryarsa yana wasa yana yi wa abokan karawarsa shaƙiyanci. "Yaro, ka zo da kuɗin mota kuwa? Don yanzu zan sallame ka." "Mayar da ɗanka, na ba ka sadaka." "Sake zubawa in kana da zuciya." Ka yi dariya ran nan har na'urar ta kusa faɗo maka.

Da muka miƙa masa 'yar ihisani ya ture hannunka, goro kawai ya karɓa. Sai ya ce, "Aron muryata na ba ku, ba kyauta ba. Kada ku kai ta inda ni da ƙafata ba zan je ba." Kai ne ka dafa ƙirji ka rantse masa, Nazifi. Ni ina tsaye a gefenka ina riƙe da hular kwanonka.

Daga nan ka san yadda abin ya bazu. Direbobin tasha suna jiran lodi suna bugawa, masunta a Bagauda suna bugawa. Makiyayan gefen Falgore, inda ko kira ba ya shiga sai an hau tudu, su ma suna bugawa, don wasanmu ba ya neman data. Har wani malamin Islamiyya a Tudun Wada, wanda ya yi suna wajen ƙwace wayoyin ɗalibai, ya ce wannan kam ya yarda da shi, tunda muryar dattijo ce a ciki. Mutane ba don iya zanena ko iya manhajarka suka amince da mu ba. Baba suka ji, suka saki jiki.

Ba zan yi maka ƙarya a gaban jama'a ba, mun sha wuya. Suna ya tafi, aljihu bai bi shi ba. Sai masu babban kantin manhajoji na waya suka aiko cewa sun sauya ƙa'ida, duk wasan da ba a sabunta gininsa ba za su sauke shi. Kwamfutarmu ba ta iya ɗaukar sabon aikin, batirin solarmu ya mutu, ga kuɗin haya. Akwai watan da garau-garau ya zama mana karin kumallo da abincin rana. Da ka ce sai mun karɓi talla, na ce to, amma ta taki da sabulu da irin shuka, kuma kowace sai mun gani tare kafin ta shiga. Ka ce ai wannan ba sai an faɗa ba. Asusunmu na kantin da sunanka aka buɗe shi, don kai ne mai katin bankin da ke aiki a waje, kuma ban taɓa tambayarka lambar sirrin ba. Wa ke neman shaida a kan ɗan gwaggonsa?

Da kuɗin tallar muka sabunta ginin, amma sabon wasan ya fito da nauyi, ba ya buɗewa sai da data, ƙananan wayoyi kuwa suna ganinsa sai su sandare. Mutanen Falgore suka rasa wasan a rana ɗaya. Na yi ƙorafi, ka ce zamani ne, wanda bai bi shi ba za a bar shi a tasha. Ana cikin haka ka ce an kira ka ganawar neman aiki a Legas, kwana kaɗan za ka yi. Ni na raka ka har bakin mota, na sayo maka tsire na hanya.

Bayan tafiyarka wani direba, Malam Sabo, ya shigo shago ko sallama bai ƙarasa ba, ya ajiye min wayarsa a kan tebur. Ana gama zagaye, Baba ya ce a sake zubawa in ana da zuciya, sai fuskar wayar ta juye zuwa tallar caca. Na ɗauka iyakar masifar ke nan, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Tallar da kanta da muryar Baba take magana, tana cewa a zuba kuɗi a ci ninki, yau ranar sa'a ce. Ka kwashi abin da muka naɗa a gindin tsamiya ka ba masu cacar, sun sa a na'urar nan mai kwaikwayon murya, ta koyi har irin tarin da yake yi kafin ya yi magana. Daga baya na ji cewa su ne suka ɗauke ka aiki.

Haba, Nazifi! Ko maƙiyi ne ya yi mana haka ai sai a ce ya wuce gona da iri.

Ka san yadda Baba ya ji? Ba ni na gaya masa ba, an riga ni. Ranar Juma'a bayan an sallame, wani magidanci wanda ɗansa ya sayar da buhunan masarar gida ya zuba a cacar ya tare Baba a harabar masallaci, ya kunna masa a gaban mutane. Baba ya tsaya yana sauraron kansa yana faɗin abin da bai taɓa faɗa ba. Waɗanda ke wurin sun ce bai kare kansa ba, bai rantse ba, takalmansa kawai ya ɗauka ya tafi gida. Tun daga ranar bai sake zama a gindin tsamiya ba. Na je kwanan baya na tarar ramukan darar sun cike da ƙasa, awaki na kwance a wurin.

Na je gidansa na durƙusa a zaure, ina jiran zagi, da ma ya zage ni da na ji sauƙi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Aro na ba ku, Habibu. Ku dawo min da kayana."

Na yi ƙoƙari. Na rubuta wa masu kantin, suka ce ba su san ni ba, mai asusu kaɗai suke saurara. Sai na koma kan tsohuwar kwamfutarmu mai kuka, na tono ginin farko, na gyara shi da ɗan abin da na koya a gefenka. Ba nauyi, ba data, ba talla. Yanzu ranar kasuwa nake bi, Bebeji, Tudun Wada, Doguwa, ina tura wa mutane ta bulutut, waya zuwa waya. Kafin in tura wa kowa sai na tsaya na faɗa masa abin da ya faru da bakina. Ka bar ni da wannan aikin, kai kana can cikin sanyin ofis.

Da farko na sha kunya. Wani a Doguwa ya karɓa, ya goge shi a gabana, ya ce shi ba ya cin abinci sau biyu a kwanon da ya ga ƙuda. An kira ni ɗan caca a garin da aka san mahaifina da limancin unguwa. Amma sannu a hankali wasu sun fara dawowa. Wani tela a Bebeji da wani mai sayar da taki sun haɗa mana sabon batiri, na rubuta sunayen shagunansu a shafin farko, kowa yana gani, ba ɓoye-ɓoye. Wani makiyayi ya biyo ni har shago da ƙwaryar kindirmo, ya ce yaransa sun sake samun abin yi idan shanu sun kwanta. Ga duk wanda ya sake ba ni wayarsa bayan abin da ya faru, na gode, Allah ya bar zumunci.

Sai dai wasan bebe ne yanzu. Na cire muryar Baba kaf, don ita ce rabon aron da ke hannuna, na mayar masa. Kowa ya buga zagaye ɗaya sai ya ɗago ya tambaye ni ina Baba. Ragowar aron tana wurinka, tana yawo a wayoyin mutanen da ba su ma san Kiru ba.

Ba na neman kasona, ba na neman sunan wasan, ba na ma neman ka dawo. Abu ɗaya nake roƙo. Ka shiga asusun nan ka sauke wancan wasan, ka gaya wa iyayen gidanka su cire muryar daga tallarsu. Saukewar ba za ta ɗauke ka lokacin shan kofin shayi ba, kai ma ka sani. Idan aikinka zai tafi a kan haka, to ya tafi, ƙofar shago a buɗe take, kujerarka na nan ban bar kowa ya zauna ba.

Ina gaggauta maka ne don Baba ba shi da lafiya tun farkon damina. Ƙafafunsa sun kumbura, masallaci ma sai an riƙe shi. Ya gaya wa babban ɗansa cewa ba mutuwa yake tsoro ba, abin da yake tsoro shi ne a rufe shi a ƙasa muryarsa tana sama tana kiran 'ya'yan mutane zuwa haram.

Ɗan'uwana, ni da kai mun girma muna musu kowace sabuwar shekara kan wane ne bawan wani, wa zai ba wani kuɗin shara. Kai ne ka goyo ni daga bakin ruwan Bagauda har titi ran da kwalba ta yanke ni a ƙafa, kana tafe kana tsokanata wai nauyina ya fi na buhun gero. Wannan Nazifin nake rubuta wa, don na ƙi yarda cewa ya mutu a Legas. Ina fushi da kai, fushin da ban taɓa yi da wani mahaluƙi ba, kuma ina kewarka. Abin da ka yi min ni na yafe. Na Baba kuwa ba nawa ba ne da zan yafe.

Shekaranjiya na je duba shi. Na yi shirin ya sake tambayata kayansa. Da zan tashi sai ya riƙo hannun rigata ya ce, "Yaron nan Nazifi, yana samun tuwo kuwa a can? Na ji an ce abincinsu ba ya riƙe ciki." Ya laluba ƙarƙashin matashi ya ciro goro ɗaya, ya ce in ajiye maka. Yana nan a kan teburinka, na naɗe shi a ganye ina yayyafa masa ruwa, amma ka san goro ba ya jira har abada.

Allah ya ba Baba lafiya, ya sa ya ji an mayar masa da kayansa tun yana da kunnen ji. Allah ya tsare ka daga dukiyar da za ta zame maka wuta, ya karkato da zuciyarka gida, ya shirye mu baki ɗaya. Amin.

Naka, wanda har yau bai goge lambarka ba,
Habibu
Kwanar Dangora