Da Yatsana Na Buga Wannan

Talata Mafara, 6 ga Maris

Zuwa ga Soja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da abokan aikinka can Darfur. Ya zafi, ya baƙunta? Mu nan Dosara lafiya lau.

Ni ce Inna. Na shigo kasuwar Talata, shi ne na biyo shagon Malam Shamsuddeen mai kwamfuta, ina faɗa yana bugawa. Ya karanta mini saƙonka har sau biyu. Babanka ya cire albasarsa ta noman rani a Bakolori, ta yi kyau bana. Ƙanwarka Husaina ta sauka lafiya, an samu ɗiya mace. Ka riƙe salla, ka bi manyanka. Malam ya tambaye ni ko da sauran magana, na ce babu.

Ka huta lafiya.
Hindu Jibo

Talata Mafara, 24 ga Afrilu

Zuwa ga Soja,

Sallama da gaisuwa, da fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya.

Mun ji a rediyo an yi wa motocin sojojinmu kwanton ɓauna, ba su faɗi sunaye ba. Talata uku ke nan ina zuwa, Malam shina dubawa shina girgiza kai. Babanka ya daina cin tuwo sosai, amma in an tambaye shi sai ya ce haƙori ne. Yau ko abin sayarwa ban ɗauko ba, zuwa kawai na yi.

Na shiga ajin yaƙi da jahilci a Maradun, mu goma sha ɗaya, ni ce babbarsu. Matan gida suna ta yi mini dariya, wai me tsohuwa za ta yi da fensir. Ni dai ban fasa zuwa ba.

Ko layi ɗaya ne, ka aiko.
Hindu Jibo

Talata Mafara, 11 ga Satumba

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ya ƙafar? Malam Shamsuddeen ya karanta mini cewa ka fara takawa ba sanda, kuma an ce sai ƙarshen shekara za a maido ku. Alhamdu lillahi. Ranar da saƙonka na asibiti ya iso, a bakin shagon nan na zauna ƙasa.

Wagga takarda ni ke bugawa, da yatsa ɗaya. Tun hantsi nake kanta. Na roƙi Malam ya nuna mini haruffan, sannan ya koma benci waje. In ka ga kuskure, nawa ne.

Kai ne ɗana na fari. Ba ni kiran sunanka, ba ni duban fuskarka gaban mutane, haka na taras ana yi. Ranar da ka tahi, kowa ya raka ka tasha, ni ina ɗaka ina tankaɗe. Kada ka zaci ban damu ba. Garin tuwon nan jiƙewa ya yi da hawaye, sai kaji aka ba. A makonnin da ba mu ji ka ba, abin da ya fi ci mini rai shi ne a binne ka wata ƙasa ba ka taɓa ji daga bakina ba. Kuma ba maganar da zan faɗa wa wani ya buga mini ba ce.

Abdulhamid. Ina kewarka, Abdulhamid.

In ka dawo, wataƙila kunya ta sake kama ni, ka gan ni na sunkuyar da kai ina tambayar Husaina ko baƙo ya ci abinci. Kada ka ji komai. Ka adana wagga takarda.

Allah shi kawo mini kai.
Innarka,
Hindu