Mun Sa Lalle Don Ganin Teku, Ka Bar Mu a Bakin Titi

Zuwa ga Alhaji,
Manajan kamfanin shirya tafiye-tafiye da yawon buɗe ido,
Birnin Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Allah ya sa haka, amin. Ban ambaci sunan kamfaninka ba, don ba kasuwa nake so in kashe maka ba. Ka san kanka, ka kuma san ni. Ni ce Hajara, shugabar ƙungiyar mata masu matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli a wani ƙauye da ke gefen Makoda, wadda ka riƙa kira Hajiyata kana ba ta kujera. Ni nake faɗa, Saratu magatakardarmu ke rubutawa, na kuma ce mata kada ta sassauta ko kalma ɗaya. Na kira wayarka har na gaji. Na biya kuɗin mota na zo ofishinka, aka ce min ka fita, alhali ga motarka a ƙofa. Shi ya sa na fito da maganar fili.

Bari in fara da gaskiyarka. Kuɗinmu ka mayar mana cif, ko sisi bai yi ciwon kai ba. Saboda haka kada wani ya karanta wannan ya ce ɓarawo ne kai. Abin da ka ɗauka a wurina ba kuɗi ba ne, maganata ce da na bayar a zaurukan mutane, kuma ita nake nema ka mayar min.

Ga yadda abin ya faro, don masu karatu. Muna aiki ne a wata rumfa a bayan gidana. Kowace mace da turminta, mu soya gyaɗa, a niƙo, mu juya a turmi har mai ya fito, mu mulmula tunkuza mu toya ƙuli. Wata rana Saratu ta nuna mana hoto mai motsi a wayarta: ruwa ne iya ganinka, yashi fari tas, ga bishiyoyin kwakwa sun jeru, ga mata irinmu suna fitar da mai daga kwakwa, can wajen Badagiri bayan Legas. Muka bar aiki muka yi cincirindo a kan wayar har ƙuli ya ƙone. A cikinmu akwai wadda iyakar tafiyarta a duniya asibitin Ɗambatta. Da wasa aka ce mu ma mu je mu gani mana, mu huta kamar kowa. Wasa ya zama adashe, adashe ya cika, ni kuma na nemo ka.

Na farko, Alhaji, ina so ka tuna abin da na faɗa maka a ofishinka, don ban yi maka ƙumbiya-ƙumbiya ba. Na ce maka mu matan aure ne na karkara, lokacinmu ɗaya ne tak a shekara: bayan an cire gyaɗa, an yanke dawa, hatsi ya shiga rumbu, kafin bukukuwan kaka su kankama. Na ce motar ta zama tamu ce mu kaɗai, sai yayana da ya yi shekaru yana kai shanu Legas, shi zai yi mana jagora. Na ce ranar da ka sa ita ce rana, ba a gaba ba a baya, don da ita zan je in roƙi mazajen mutane. Ka yi dariya, ka dafa ƙirji, ka ce in sa a raina ƙafata ta riga ta taɓa ruwan teku. Ka nuna min hoton masauki, ka ce akwai wurin da mata za su shiga ruwa da hijabansu ba mai kallonsu. Na fito daga ofishin nan ina sa maka albarka.

Na biyu, ban jin ka san abin da ake kira izini. A wurinku mai son tafiya jaka kawai yake ɗauka. Mu nan, kafin mace ta kwana a wani gari sai an zauna. Ni da girmana na bi gida-gida, na durƙusa a zaure bayan zaure. Wani ya ce teku na cin mutane. Wani ya ce wa zai dafa masa tuwo. Wani ya ce sai ya ji daga bakin liman, na je na ɗauko maganar liman na kawo masa. Mijin Saratu ya yarda nan take, amma surukarta ta ce sai an sanar a cocinsu an yi addu'a, muka jira aka yi. Duk wannan ban gaji ba, don na ga yadda idon matan nan ke haske in an ambaci tafiyar.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne Malam Idi, mijin Binta. Binta ita ce ta fi kowa iya fitar da mai a cikinmu, kuma da sana'ar nan take riƙe da karatun 'yarta a sakandare. Malam Idi ba mugu ba ne, mutum ne mai gudun abin kunya, kuma tun asali da ƙyar ya bar ta take zuwa rumfa. Na yi ta zarya gidansa har karen maƙwabta ya daina yi min haushi. Ya ce shi bai yarda da mutanen birni masu daɗin baki ba. Na ce kada ya dubi mutanen birni, ni zai duba. Na ce in aka sami saɓani ko na yini ɗaya, ya riƙe ni, kada ya ƙara yarda da maganata. Da bakina na faɗi haka, Alhaji, saboda kai ka dafa ƙirji. Sai ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Na uku, ranar tafiya. Wannan ita ce ranar da in na tuna sai in ji tuwo ya fita raina.

Mun ɗinka anko. Mun sa lalle hannu da ƙafa kamar masu zuwa biki. An yi dambun nama, an soya ƙuli na musamman wanda za mu kai wa matan can tsaraba, mu karɓo man kwakwa. An rarraba yara gidajen kakanni. Mun sanar da masu sarin manmu a kasuwar Ɗambatta cewa wannan makon kada su jira mu, kuma ka sani lokacin ne gyaɗa ta fi araha, aiki ya fi riba. Bayan sallar asuba muka fito bakin titi, gindin tsamiyar da ake jiran mota. Gari kaf ya fito rakiya. Tsofaffi suna ba da saƙon a ɗebo musu ruwan teku a kwalba. Malam Idi da kansa ya ɗauko jakar Binta a babur, ya kuma saya mata sabon takalmin roba don shiga ruwa. Mutumin da sai da ƙyar ya yarda!

Hantsi ya yi, ba mota. Duk farar motar da ta ɓullo daga wajen Ɗambatta sai mu miƙe mu gyara mayafi, ta wuce mu koma mu zauna. Na kira ka, waya tana shiga ba ka ɗauka. 'Yan rakiya suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Muka yi azahar a nan bakin titi, a kan zannuwanmu. Guzurin da muka yi don hanyar Legas muka buɗe muka ci a ƙofar garinmu. Ina ta ba mata haƙuri, ina cewa wataƙila taya ce ta fashe, ina kare ka, ni wawuya. Sai wajen la'asar saƙo ya shigo wayata, da Turanci, ko sallama babu. Saratu ta karanta, na ga fuskarta ta canza tun kafin ta fassara. Wai an ɗage tafiya saboda wasu dalilai, za a sanar da mu.

Haba Alhaji! Ko kira ba za ka iya ba? Mata da furfurarsu a rana tun asuba, sai layi biyu na Turanci?

Ka san ta ina muka koma gida? Hanya ɗaya ce, ta tsakiyar gari, ta gaban majalisar da maza ke zama bayan la'asar. Muka wuce a jere, da anko, da lalle, da jakunkuna a ka. Sai da muka gota, sannan wani ya ɗaga murya yana yi wa 'yan teku sannu da zuwa, yana tambayar ina tsarabar kifi. Aka kwashe da dariya. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Har yau in na fita, sai an sami mai tambayata ko ruwan da sanyi.

Na huɗu, dalilan nan naka na ji su. Wani ma'aikacinka, wanda ba zan faɗi sunansa ba don kada ka kore shi, ya gaya min cewa motarmu lafiyarta ƙalau. Wani mai hali ne ya zo neman motar rakiyar amarya a ranar, ka ba shi tamu. Ka auna mu, ka ga matan ƙauye ne masu warin ƙuli, ba inda za su kai ƙara. In ƙarya aka yi maka, fito ka ƙaryata, zan ba ka haƙuri a nan inda na yi maganar.

Sannan da ka tashi gyarawa sai ka ƙara ɓatawa. Ka aiko cewa mu bari sai damina, lokacin masauki ya fi sauƙi, ka haɗa mu mota ɗaya da ɗalibai samari da 'yan mata. Damina! Kai ko gona ba ka taɓa zuwa ba ne? Lokacin da mace ke tashi da tukunya tun duku-duku don abincin masu noma, wane miji zan tunkara in ce ya ba ni matarsa ta je wasan ruwa? Kuma a mota ɗaya da samarin da ba mu san iyayensu ba? Duk abin da na zauna na faɗa maka a ofis ashe ta bayan kunnenka ya bi. Da muka ƙi, ka turo kuɗinmu, ka ɗauka ka wanke hannu.

Na biyar, kuma shi ya sa na rubuto. Sauran mazajen sun yi mita sun haƙura. Malam Idi bai haƙura ba. A majalisar nan shi aka fi tasawa gaba, ana tsokanarsa da takalmin roba, ana ce masa direban 'yan teku. Tun daga ranar Binta ba ta sake taka rumfa ba. Na je zaurensa, ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo min ruwa, sannan ya tuna min maganata. Ya ce ni na ce ya riƙe ni, to ya riƙe. Ya ce ko dai na san babu wata mota na yaudari matan mutane, ko kuma ni ma ba a ɗauke ni a bakin komai ba a can birnin, kuma ko wanne ne ba zai ƙara ba ni amanar iyalinsa ba. Gaskiya kuwa ya faɗa. Na nuna masa saƙonka a waya, ya ce shi da waya bai yi alkawari ba.

Yanzu Binta na zaune a gida. Masu sari suna tambayar manta, don sun san bambancinsa. Zangon karatu na ƙaratowa, ban san da me za ta mayar da 'yarta makaranta ba. Ran nan na shiga wurinta, lallen ya goge saura ɗan ja a farce, takalmin roba yana rataye a ƙusa ko ledarsa ba a cire ba. Ba ta zarge ni ba, wai ma haƙuri take ba ni. Na fito ina share hawaye da gefen mayafi, raina kuma yana tafasa da kai.

Ga abin da nake roƙo, kuma ba shi da yawa.

Ka zo garinmu da ƙafarka. Daga Kano ka hau titin Ɗambatta, in ka iso ka tambayi ƙauyen 'yan teku, kowa zai nuna maka, albarkacinka mun yi suna. Ka zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin maza na nan. Ka zauna a zauren Malam Idi, a gaban liman da mai unguwa, ka faɗa da bakinka cewa akwai mota, akwai rana, Hajara ba ta yi ƙarya ba, kai ne ka saɓa. Ba na son ka riƙo shinkafa ko atamfa, kada ma ka fara. Kada kuma ka turo yaronka, don ba yaronka ne ya dafa ƙirji ba.

Bayan haka, duk ranar da matan karkara suka sake shigowa ofishinka, in ba za ka iya riƙe ranarsu ba ka gaya musu tun a kujera. Maganar teku kuwa mun ajiye ta tukuna. Muna nan da niyyarmu, in Allah ya kai mu wata kakar za mu je, ko da kai ko ba kai. Amma ba zan iya sake durƙusawa a zauren kowa ba sai an wanke ni a na Malam Idi.

Shekaranjiya Malam Idi ya aiko a ɗauko masa turmin Binta daga rumfa. A wurinmu, in turmin mace ya bar rumfa, ta fita ke nan. Na roƙi arziki a bar shi zuwa Juma'a mai zuwa, na ce akwai baƙon da nake jira. Ka ga na sake ba da maganata saboda kai, ban kuma san ko hankali ne ko wauta ba.

Allah ya ba ka lafiya, ya yi wa kasuwarka albarka, ya kare iyalinka daga irin tsayuwar da muka yi a bakin titi. Allah ya sa ka ji, ya kuma ba ka ikon zuwa. Turmin yana nan na kife shi a gefen nawa, zan kuma sa a shimfiɗa maka tabarma tun kafin a sauko daga masallaci.

Wassalam.

Taka,
Hajara,
Shugabar mata masu man gyaɗa,
daga wani ƙauye a gefen Makoda.