Ruwan Kariyer Ya Sauko Garka

Matameye, 24 ga Yuni, 1985

Zuwa ga maigidana, Malam Lawali,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya Kano, yaya aiki? Inna na gaishe ka, yara duk lafiya lau. Takardar nan na ba direban da ke bi ta daji ya kawo maka hannu da hannu, tunda iyaka a rufe take, kuma ba na son ta bi ta gidan waya a buɗe ta.

Ruwa ya sauka shekaranjiya, irin wanda muka yi shekara biyu muna roƙo. Amma farin cikinmu bai kai la'asar ba. Ka san kariyer ɗin nan da ke saman fadama, inda kamfani ke haƙar dutsen hanya. Suna da babban rami da suka kewaye da tudun ƙasa, nan suke tara ruwan wankin injuna da baƙin mai da man gazuwal na motoci. To, ruwan ramin nan ne ya sauko garkarmu gaba ɗaya. Rijiya ta yi baƙi, samanta na ƙyalli. Awaki ukun da muka sha wuyar raya su da ganyen gawo duk tsawon farin nan sun sha, biyu sun mutu.

Na hau da ƙafata na duba tudun. Ba ruwa ne ya fasa shi ba, Malam. Na ga sawun shebur a jikinsa, an yanka shi daidai ta gefenmu. Mai gadin wurin kuwa ka san ƙanenka ne, Gambo. Tun ranar bai zo cin tuwo ba. Ban tare shi da maganar ba tukuna.

Matarka, Mariama

Matameye, 9 ga Yuli, 1985

Maigida,

Ina gaishe ka, ina fatan zazzaɓin da ka ambata ya sake ka. Na samu amsarka. Ka ce kada in zargi ɗan'uwanka, to ji abin da ya biyo baya.

Raken garkarmu ya bushe daga tushe. Jandarma biyu sun zo tare da shugaban kariyer ɗin, suka leƙa rijiya, suka rubuta cewa yunwar fari ce ta kashe awakin. Ɗayansu ya dube ni ya ce, "Hanyar nan ta gwamnati ce. Mai sukar aikin gwamnati, mun san inda ake kai shi." Gambo yana tsaye bayansu, kansa a ƙasa.

Sai maƙwabciyarmu Shekara ta faɗa mini cewa ranar ruwan, tun kafin a san abin da ya faru, Gambo ya tare ta a hanya jiƙe sharkaf, da shebur a kafaɗa, ya ce kada kowa ya ɗebi ruwan rijiyarmu. Ta yaya ya sani? Ina jin shugaban nasu ne ya sa shi ya sako ruwan don kada injunansu su nutse. Ko kuwa haushin rabon garkar nan ne, da babanku ya bar maka ɓangaren rijiya? Wallahi ba na son zuciyata ta tafi can, amma kullum can take zuwa. Inna ban faɗa mata ba, kada hankalinta ya tashi a kan ɗanta.

Taka, Mariama

Matameye, 28 ga Yuli, 1985

Maigidana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, ka zauna kafin ka karanta wannan.

Ranar Juma'a da hantsi na tare Gambo a ƙofar kariyer, na ce ba zan tafi ba sai ya dube ni. Ya ce, "Ni na yanka, Yaya Mariama. Ba wanda ya sa ni. Zo ki gani."

Ya zagaya da ni bayan ramin ta gabas, inda ban taɓa takawa ba. A gindin tudun akwai bukkokin mutanen arewa da fari ya koro, na ƙirga talatin da ɗaya, da ƴar rijiya guda da dukansu ke sha. Ya nuna mini tsagar da tudun ya yi ta wajensu, hannuna ya shige har gwiwa. Ya ce ranar nan ruwan ramin ya kusa baki, shugabansu yana Damagaram, shi kaɗai ne a wurin. Ko ya buɗe ta garkarmu, ko tudun ya fashe a kan mutanen bukkokin. Ya ce sau uku tun bazara yana faɗa wa shugaban a gyara tsagar, shi ya sa aka kawo jandarma, don ya yi shiru shi ma.

Ban yarda nan take ba. Na sauka na tambayi matan bukkokin ɗaya bayan ɗaya, Gambo ba ya wurin. Wata tsohuwa ta ce ta gan shi yana saran tudun yana kuka.

Kamfanin ya sallame shi daga aiki jiya. Tsagar tana nan, damina kuma yanzu ta kankama. Don haka na yi wani abu ban jira izininka ba. Na ba da ƙasan garkar, wajen da rake ya mutu, ana haƙa rami na biyu da magudana, a jera duwatsu da yashi, don in ruwan ya sake saukowa ya kwanta can kafin ya kai rijiya. Gambo ke jan aikin, mazan bukkokin na haƙa, mu mata muna ɗaukar dutse. Bana ba mu da rake, kuma wurin ba zai sake nomuwa ba.

In za ka yi faɗa, ni za ka yi wa, ni na ba da ƙasar. Shi kuwa ka rubuto masa ko layi biyu ne. Ya fi tsoron takardarka fiye da jandarma.

Inna da yara na gaishe ka. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka, Mariama